Takardar Din wajen sauya jami'a: inda ɗalibai ke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar shugaban tsangaya, wato Din, a matsayin takardar yabo. Sai ka ga ɗalibi yana neman kawu ko wani babba a gari ya yi masa hanya wurin Din, don a rubuta cewa shi haziƙi ne. Ƙoƙarinka ai yana cikin tiranskirif, wato takardar sakamakon karatunka, makinka zai faɗe shi. Abin da jami'ar da za ka koma take son ji daga bakin Din shi ne: kai ɗalibinsu ne, ba korarre ba ne kuma ba dakatacce ba, sannan sun yarda su sake ka. Wannan ba ya buƙatar alfarma, fayil mai tsabta yake buƙata.

Kuskure na biyu shi ne tsallake shugaban sashe. Din bai san ka ba, ɗaliban tsangaya sun fi ƙarfin ya riƙe fuskokinsu. Ka rubuta takardar neman sauyin zuwa ga Din, amma ta bi ta hannun shugaban sashe. Shi zai tambayi malamin da ke kula da ajinku, ya sa hannu, ya tura gaba. In ka kai ta kai tsaye, sakatare zai duba saman takardar, ya ga babu sa hannu, ya miƙo maka abarka. Ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka ajiye, domin takarda kan yi ɓatan dabo tsakanin ofis da ofis. Dalilin tafiya kuma layi biyu ya isa: aure, rashin lafiya, ƙaurar iyaye. Kada ka zagi sashen da kake roƙon sa hannunsa.

Ka karanta fom ɗin sauya jami'ar da kyau, don Din biyu ne. Batun karatu na shugaban tsangaya ne, batun ɗa'a kuwa sau da yawa ofishin Din mai kula da harkokin ɗalibai ne ke cike shi.

Ɓoye kariyoba (kwas ɗin da ka faɗi za ka maimaita) ko shari'ar satar amsa wahalar banza ce. Tiranskirif daga ofis zuwa ofis ake aika shi, ba a hannunka ba, kuma komai zai fito. Gara ka faɗa da kanka tare da bayani.

Wasu kuma da zarar Din ya sa hannu sai su daina shiga aji, su ƙi sabunta rajista. Takardarsa ba gurbin karatu ba ce. Ka ci gaba da karatu har sabuwar jami'a ta ba ka amsa a rubuce. In ta ɗauke ka, ka bi sawu a gyara bayananka a JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, domin idan sunanka ya tsaya a tsohuwar jami'a, lokacin tafiya bautar ƙasa matsalar za ta taso.