Yadda hukumar sufuri za ta bi sawun doka a majalisa, ta kuma samo kasonta a bajet

Duk wanda ya san harkar motocin gwamnatin jiha, irin su Kano Line ko KTSTA ta Katsina ko Borno Express, ya san kuɗin motan da fasinja ke biya bai cika isa a sayi sabbin bas ba, balle idan gwamnati ta ce a yi wa talaka rangwame. Mai ya ci nasa, taya ta ci nata, bakanike na jira. Dan haka manyan kuɗi daga bajet suke fitowa, shi kuma bajet ba a samunsa da zama a ofis ana jiran kira. Idan kai aka ɗora wa wannan aikin a hukumarku, ga yadda na ga ana yi.

Ka fara da mutum ɗaya wanda majalisa ce aikinsa, ko da kai ne da kanka. Ba kwamiti ba, dan Allah, kwamiti kowa zai ce ai wane zai je. Mutum ɗaya mai littafi ko Excel, ya rubuta sunan ƙudiri da lambarsa, wa ya kawo shi, ina ya kwana, wane kwamiti aka miƙa wa, sannan layi na ƙarshe wanda ya fi duka muhimmanci: me zai jawo mana, kuɗi zai kawo ko kuɗi zai ci.

Na tarayya da sauƙi, akwai shafin PLAC, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke bin ƙudirorin Majalisar Dattawa da ta Wakilai, ga kuma oda fefa, takardar da ke nuna abin da za a tattauna a zaman ranar. Na jiha kuwa sai da ƙafa. Ka je ka san akawun kwamitin sufuri da na kwamitin kasafi, ka gaishe su tun ba ka da buƙata, ka karɓi lamba. Akawun nan ya san ranar da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a tun kafin a sa a rediyo, kuma 'yan majalisa suna zuwa suna tafiya duk shekara 4 amma shi yana nan a kujerarsa.

Hanyar ƙudiri sananna ce: karatu na ɗaya, karatu na biyu inda ake muhawara, sai kwamiti, sai karatu na uku, sai teburin gwamna ko shugaban ƙasa, wanda kundin tsarin mulki ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Wajen shigarka shi ne kwamiti. In ya wuce nan ka makara, sai dai ka koma ƙorafi a WhatsApp.

Kuma kar ka tsaya kan dokar da aka rubuta wa "sufuri" a goshi kawai, waɗanda suka fi taɓa ku sau da yawa ta bayan gida suke shigowa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta shafi motocin haya da tashoshi. Dokar haraji ta 2025 tana ɗauke da ƙarin kashi 5 kan fetur da dizal, wanda sai ministan kuɗi ya ayyana ranar farawa, amma ba ta taɓa gas ɗin CNG ba, to ka ga wannan kaɗai ya isa ya canza lissafin irin bas ɗin da za ku saya. A Maris 2023 kuma Buhari ya sa hannu kan gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin dokar jirgin ƙasa, abin da da na tarayya ne kaɗai.

Yanzu maganar kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka ranar kare bajet a majalisa ita ce ranar yaƙi. Wallahi kafin ranar nan an gama raba nama. Wajen tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi take tsara hasashen kashe kuɗi na shekara 3, daga nan ta fitar da sakula, wato takardar umarnin shirya bajet, ta ba kowace ma'aikata ambulan ɗinta, wato iyakar abin da za ta iya nema. Ku kuma hukuma ce a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ko ta ayyuka, a cikin ambulan ɗinsu za a yanko muku, kuma titi da gada su ne 'yan lele tunda su ake yanke wa ƙyalle a ɗau hoto. Dan haka tun watan Mayu ko Yuni ya kamata takardarku ta kasance a teburin famanan sakatare da kwamishina, ka kuma samu daraktan kasafi ka zauna da shi.

Takardar nan kar ta wuce shafi biyu. Ba wanda zai karanta shafi 40, ni ma ba zan karanta ba. Ka sa motoci nawa kuke da su, nawa ke kan hanya, nawa ke kan dutse a gareji ba taya, mutum nawa kuke ɗauka a rana, nawa ne kuɗin motarku kan wata hanya idan aka kwatanta da na tasha. Alƙaluman su zama na gaskiya daga littafin tikiti da manifes, wato jerin sunayen fasinja, dan akwai tsohon akanta a kowane kwamiti da zai kama ka idan ka yi ƙari, kuma in ya kama ka sau ɗaya shikenan. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 hujjarku ta ƙara nauyi, kowane gwamna yana neman abin da zai nuna ya rage wa mutane raɗaɗi, bas mai araha kuma abu ne da ake gani da ido kullum safiya.

Wani abu da ake mantawa, kuɗin gyara. Kowa na son layin "sayen sabbin motoci", ba mai son layin kayan gyara da bakin mai da horar da kanikawa. Ka dage a sa su tare, in ba haka ba bayan shekara biyu sabbin nan su ne za su koma kan dutse.

Ranar kare bajet ka je da shugaban hukuma da akanta, amma kafin nan ka bi 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan majalisa mazaɓarsa ya sani, saboda haka ka ce masa "Ranka ya daɗe, motarmu da ke bi ta garinku guda ɗaya ce ta rage, ranar kasuwa mata da kaya sai su kai azahar a bakin titi." Wannan ya fi masa duk wani jadawali. Sai dai ka kiyaye, kai ma'aikacin gwamnati ne, ba za ka je majalisa ka nemi abin da kwamishinanka bai sani ba, ranar da ya ji a bakin wani ka shiga uku. Ambulan mai ruwan ƙasa kuma, wato na goro, ban ce ka kai wa kowa ba, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na nan. Abin da bakinka ba zai iya faɗa ba akwai masu faɗa: ƙungiyar ƙwadago, ɗalibai, 'yan kasuwa, ƙungiyar masu buƙata ta musamman. Ƙungiyar direbobi ta NURTW kam ka zauna da su da wuri, domin suna iya ganin motarku kishiya ce.

In aikin babba ne ka kalli Legas. An kafa LAMATA, hukumar tsara sufurin Legas, da doka a 2002, Bankin Duniya ya sa kuɗi, BRT, bas masu bin hanyarsu ta musamman, ta fara aiki a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, jirgin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023. Amma bashin waje jiha ba ta ciyowa kai tsaye, sai ta bi ta ma'aikatar kuɗi ta tarayya da ofishin kula da basussuka na DMO, Majalisar Tarayya ta amince, abu ne na shekaru ba na wata uku ba.

Sai babban ramin, wanda ni na faɗa ciki. Wata shekara mun ga layinmu a bajet baƙi da fari, muka yi ta murna har da sayen lemo, muka zauna muna jira. Ashe sa kuɗi a bajet daban, sakinsu daban. Sai ka rubuta memo, ya bi ta kwamishina zuwa gwamna, a amince, a fitar da waranti, wato takardar izinin sakin kuɗi, sannan ofishin Akanta Janar ya ce akwai kuɗi a ƙasa. Namu fayil ɗin ya yi watanni a kan wata kabad ƙura ta rufe shi, har da zanen kofin shayi a bangonsa, muna farga Disamba ta zo kuɗin suka bi ruwa. Tun daga nan nake tura memo a Fabrairu, in rubuta lambar fayil a wayata, duk Litinin in leƙa rajista in tambayi wane tebur ya kai. Yawancin jihohi yanzu suna sa rahoton aiwatar da bajet na kowane wata uku a shafinsu na intanet, ka sauke ka duba layinku, in ka ga sifili a zango na biyu ka buga shi a takarda ka kai wa shugaban kwamitin sufuri, ka gayyaci 'yan kwamitin zagayen duba aiki, ka fara kai su gareji kafin ofis.