Yadda zaka tsinto kayan rikodin masu araha a shagon lantarki

Yawancin shagunan kayan lantarki ba dan masu rikodin aka buɗe su ba, talabijin da cajar waya da sifikun biki sune abincinsu, shi yasa in ka shiga kace kana son makirufo sai yaron shago ya miƙo maka wanda yafi ƙyalli a kwali, mai ruwan zinare da ƙafa da soso da wani ɗan akwati mai fitilu kala-kala, yace maka wannan situdiyo ce guda. Ba lallai ƙarya yake son yi maka ba, shima abinda aka rubuta a kwalin ya karanta. Amma a cikin shagon nan akwai kaya masu amfani sosai, kawai dai sai ka san me kazo nema kafin ka taka ƙofar.

Tun a gida ka zauna ka tambayi kanka abu biyu. Me zan ɗauka, kuma a wane ɗaki? In magana ce kawai, karatu ko darasi ko hira, buƙatarka daban da ta mai son rera waƙa akan kiɗa ko haɗa jita. Ɗakin kuma shine babban alƙali. Ka rufe ƙofa ka tsaya tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya, in kaji tafin ya dawo maka da wani ƙara-ƙara to ɗakin yana amsa kuwwa, sannan kayi shiru na minti ɗaya ka saurara, fanka, firji, motoci, maganar maƙwabta, duk abinda kunnenka ya jiyo makirufo zai jiyo fiye da haka.

To daga nan ne zancen kalar makirufo ke shigowa, kuma anan mutane suka fi asarar kuɗi. Kala biyu zaka tarar, dainamik da kwandensa. Kwandensa shine mai kama da na situdiyo ɗin nan da kowa ke sha'awa, yana da jin sauti sosai, har numfashinka da motsin leɓenka yana ɗauka, kuma wannan jin nasa shine matsalarsa a ɗakin da ba'a gyara ba, dan yadda yake ɗauko muryarka haka yake ɗauko bango da fanka da ƙarar titi. Dainamik kuwa irin wanda ake riƙewa a hannu a wajen taro, shi sai ka matso bakinka kusa yake ji da kyau, kuma da yake kana kusa muryarka ta danne hayaniyar ɗakin. Lissafin a fili yake, duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakanin bakinka da makirufo ƙarfin muryar na raguwa da kusan desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ita kuwa hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Ni a ganina duk wanda zai yi rikodin a ɗakin kwanansa ya fara da dainamik, ko da kuwa bai yi kyau a hoto ba. Shure SM58, wani sanannen dainamik, tun 1966 yake kasuwa har yau ba'a daina amfani dashi ba, sai dai fa saboda sunansa jabunsa sun yi yawa, na gaskiyar nauyinsa wajen giram 300 ne, in ka ɗaga kaji shi sakayau ko kuma aka faɗa maka kuɗin da yayi araha fiye da hankali to ka ajiye musu kayansu.

Abu na gaba ka juya makirufon ka kalli gindinsa, nan ne gaskiyar take. In ramin USB ne, to kai tsaye zaka soka a kwamfuta ka fara aiki, babu wani akwati a tsakani. In kaga ƙusoshi uku a cikin zagaye, XLR kenan, shi dole sai da intafes, wato ɗan akwatin da ke karɓar sautin ya ƙara masa ƙarfi ya maida shi abinda kwamfuta ke ganewa. Akwai masu baki biyu, USB da XLR a jiki ɗaya, irin su Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x, duk dainamik ne kuma suna da ramin hedifon a jikinsu, wallahi in ka samu irin wannan a shago kada kayi dogon tunani, yau ka soka a laftop, gobe in ka samu halin intafes ba sai ka canza makirufo ba.

Wanda nake so ka yi hattara dashi shine kwandensa mai arahar nan da wayarsa ke ƙarewa da ɗan siririn baki na milimita 3.5, wanda ake sayarwa saiti guda da ƙafa da akwatin sauti mai maɓallan tafi da dariya da eko. Dan hira kai tsaye a waya ko wasa da abokai ba laifi, amma in rikodin mai tsafta kake so zaka ji wani "sssss" yana bin bayan muryarka, kuma ekon da akwatin ya zuba a ciki ya zauna kenan, babu manhajar da zata cire maka shi daga baya. Rikodin a bushe ake ɗaukarsa, ado daga baya ake sawa.

In intafes zaka siya, ba sai mai ramuka da yawa ba, rami ɗaya ko biyu ya isa. Focusrite Scarlett Solo da Behringer UMC22 da M-Audio M-Track Solo duk ajin masu farawa ne. Ka duba jikinsa da idonka, akwai maɓallin da aka rubuta 48V? Wannan wutar ce kwandensa ke buƙata kafin yayi magana, in babu ita zaka kai gida ka soka kaji tsit ka ɗauka makirufon ne ya mutu, shi dainamik baya buƙatarta. Sannan ka nemi maɓallin da ke baka damar jin muryarka kai tsaye daga akwatin ba sai ta zaga cikin kwamfuta ba, dan in ta zaga tana dawowa a makare, kana magana kana jin kanka a baya, ba mai iya rera waƙa a haka. Masu Windows kuma su tabbata kamfanin yana da direban ASIO a shafinsa na intanet, wato ƴar manhajar da ke rage jinkirin sauti tsakanin intafes da kwamfuta, ka duba a wayarka kana tsaye a shagon, minti biyu ne.

Masu rikodin da waya, ku ma akwai naku. Ka kalli bakin kebul ɗin makirufon ka ƙirga baƙaƙen zoben da ke jiki, zobe biyu na kyamara da kwamfuta ne, zobe uku shine na wayar hannu, in ka soka mai biyu a waya sau da yawa wayar bata ma san ka soka makirufo ba, zata cigaba da ɗauka da nata na ciki kai kuma kana ta murna. Gwajin mai sauƙi ne, ka kunna rikodin ka ɗan ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, in baka ji ƙwas-ƙwas da ƙarfi a abinda ka ɗauka ba to ba shi ke aiki ba. Ƙananan makirufon maƙalawa a riga irin Boya BY-M1 suna da ɗan makunni na zaɓar waya ko kyamara, kuma suna rufa asiri sosai wajen magana. In makirufon USB zaka haɗa da waya sai ka haɗa da ɗan kebul na OTG, wanda ke bari a soka kayan USB a ramin cajin waya.

Hedifon kuma, dan Allah mai waya, kuma mai rufe kunne ruf. Bulutut yana da jinkiri, ba'a rikodin dashi. Wanda bayansa ke buɗe kuma kiɗan na tsiyayowa ya koma cikin makirufo. Ka guji masu rubutun ƙarin bes, wato sauti mai kauri, a kwali, suna da daɗin jin waƙa amma ƙarya suke maka, zaka ji muryarka tayi kauri alhali a wayar wani siririya ce. Audio-Technica ATH-M20x ko Sony MDR-7506 in aljihu ya kai, in bai kai ba duk wani mai rufe kunne da baya kumbura sauti zai yi. Ka sa shi a kai ka ɗan jima a shagon, wanda ya matse maka kunne a minti biyar ba zaka iya awa biyu dashi ba. Kar ka manta da ɗan adaftan milimita 6.35, yawancin intafes babban rami ne dasu. Sifikun situdiyo kuwa ka barsu tukuna, a ɗakin da ke amsa kuwwa basu da wani amfanin da hedifon bai yi maka ba, su kuma sifikun kwamfuta masu rubutun wat dubu kaza PMPO wannan lambar talla ce kawai.

Yanzu gwaji a cikin shagon, wanda shine dalilin da yasa ma zuwa shago yafi oda ta intanet. Kaje da wayarka ko laftop da hedifon ɗin da kunnenka ya saba dashi. Ka roƙi mai shago cikin mutunci ya bari ka gwada, yawanci in sun ga da gaske kake basa hanawa. Ka ɗauki maganarka na daƙiƙa ashirin, ka faɗi kalmomi masu fa da ba da sa da yawa, sannan kayi shiru na daƙiƙa goma rikodin na tafiya. Shirun nan zaka fi saurara. In kaji huci to hayaniyar na'urar ce, in kaji gurnani mai kauri "mmmm" to wutar lantarki ce ke shiga, mai zagaye 50 ko 60 a daƙiƙa, sai ka cire cajar laftop ka sake gwadawa, sau da yawa caja ce mai laifin ba makirufon ba. Ka murɗa maɓallin ƙarfi a hankali daga ƙasa har sama kaji ko yana ƙarar yashi, ka girgiza kebul ɗin daga wuyansa kana saurare, in sauti na yankewa ko yana tartsatsi a canza maka wani. Kayan da aka buɗe kwalinsu ko na kan kanta da aka yi nuni dasu sukan fi sauƙin kuɗi, kuma in sun ci wannan gwajin babu abinda ya same su.

Ka rage wani abu a kuɗin naka dan ƙananan kayan da ba mai ɗaukar su hoto. Ƙafar makirufo mai nauyi wadda bata sunkuyawa da kanta, dan riƙewa a hannu na sa motsin yatsunka shiga rikodin. Ragar tare iska ko soso dan harafin fa da ba kar su riƙa bugun makirufon. Kebul na XLR mai kauri, gajere daidai buƙata. Soson da ake mannawa a bango dan rage kuwwa kuwa kar ka yi gaggawarsa, siririn soso sautin sama-sama kawai yake sha, kwalin ƙwai kuma da ake ta yaɗawa kusan babu abinda yake yi. Bargo mai kauri a bayanka da labule da darduma a ƙasa, ko ka fuskanci durowar kaya a buɗe cike da tufafi, sun fi su aiki nesa ba kusa ba, kuma kana dasu a gida.

Kafin ka biya ka tambayi kwana nawa ake karɓar kaya in an dawo dasu, a rubuta maka a rasit, kwalin ma kar ka yaga shi ko ka yar sai ka yi sati kana aiki da kayan. Da ka isa gida ka sauke Audacity, manhajar rikodin ce ta kwamfuta, kyauta ce, masu kayan Apple kuma suna da GarageBand. A saitin ingancin sauti na manhajar ka saita 48kHz in bidiyo zaka haɗa ko 44.1kHz in sauti ne zalla, da bit 24 in na'urarka na bada shi. Ka daidaita ƙarfin yadda in ka ɗaga murya iyakar ɗagawa mitar da ke nuna ƙarfin sauti a manhajar bata wuce wajen -12 zuwa -6 ba, dan in ta taɓa sifili sautin ya fashe kuma baya gyaruwa. Dainamik ka bar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da bakinka, kwandensa kuma kamar tsawon tafin hannu a buɗe, kuma ka lura yawancin manyan kwandensa ta gefe ake musu magana, ɓangaren da tambarin kamfani yake, ba ta saman kai ba. Ka kashe fanka na ɗan lokacin ɗaukar, ka sa waya a yanayin jirgi, ka ɗauki gwaji ɗaya ka saurare shi a hedifon sannan a sifikar wayarka kafin ka zauna dogon aiki.