Yadda kowane gida zai auna hayaƙin da yake fitarwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana ta maganar sauyin yanayi kamar matsalar Turawa ce kaɗai, alhali zafin watan Afrilu a Kano mu yake gasawa. Ga hanyar da gida zai san nasa kason.

A ajiye ɗan littafi kusa da janareta. Tsawon wata guda, duk fetur ɗin da aka zuba wa janareta, babur ko mota, a rubuta lita nawa ne. Ƙarshen wata a ninka jimillar da 2.3, domin kowace lita idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wato iskar da ke ƙara ɗumama duniya. Dizal kuwa kusan 2.7 ne. Mai kunna janareta da lita 3 kowane dare, lita 90 ke nan, sama da kilo 200 a wata.

Uwargida, naki lissafin yana kicin. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana fitar da kusan kilo 3, wato tukunya mai kilo 12.5 ta kai 37. Gawayi ne mai wuyar sha'ani, don tun kafin buhun ya iso unguwa an sare itatuwa an turara su a daji, hayaƙin ya riga ya tashi. A dai rubuta buhu nawa aka ci.

Wutar lantarki kam mitar kati ta ƙirga muku yawan wadda kuka sha.

Idan gidajen layi ɗaya suka haɗa alƙalumansu, sai a zauna da mai unguwa a duba ko karo-karon sayen sola zai fi kuɗin fetur sauƙi.