Yadda za ka koyi faɗuwa a gida ba tare da ka karya hannu ba

A filin kokawa, wanda ya faɗi shi ne ya sha kaye, shi ya sa yaranmu ke tashi suna koyon yadda za su ƙi faɗuwa, ba yadda za su faɗi ba. A judo abin ya sha bamban. Wanda ya kafa wasan a Tokyo a 1882, Jigoro Kano (sunan ne kawai ya zo ɗaya da na garinmu), ya bar tsarin da har yau sabon ɗalibi faɗuwa yake fara koyo kafin a bar shi ya ɗaga wani. Japanawa suna kiranta ukemi. 'Yan aikido da jujitsu, wasu wasannin kare kai na Japan, ma da ita suke farawa.

Matsalar tana hannunka. Duk wanda santsi ya kwasa a banɗaki, ko ya yi tuntuɓe a bakin kwata, kafin ya ankara ya miƙa hannu ya dafa ƙasa. Nauyin jiki gaba ɗaya sai ya sauka a wuyan hannu, ya wuce gwiwar hannu, ya ƙare a ƙashin nan da ke tsakanin kafaɗa da wuya. Nan ake samun targaɗe da gocewa da karaya. Duk atisayen da zai biyo baya abu biyu yake nema: ya raba ka da wannan dafawar, ya kuma hana ƙeyarka taɓa ƙasa.

Fara da inda za ka faɗi

Ɗakunanmu siminti ne ko tayil, kuma tabarma ko darduma ba ta rage komai daga taurinsu. Shimfiɗar da ake judo a kanta, tatami, kaurinta santimita 4 zuwa 5 ne, kuma mai tauri ce, ba lumtsuma take ba. Abin da ya fi kusa da ita shi ne shimfiɗar soson roba mai haƙora da ake harhaɗawa, wadda ake samu a shagunan kayan motsa jiki. Idan siririya ka samu, ninka ta biyu. Ka ɗora ta a kan kafet don kada ta zame a tayil.

Katifar kwana fa? Don atisayen kwance da na zaune ba laifi, matuƙar a ƙasa take ba a kan gado ba. Amma kada ka tsaya a kanta ka faɗi. Ƙafa nutsewa take yi ta murɗe, kuma laushinta yana ɓoye maka kuskure, ka yi ta yin ba daidai ba kana jin daɗi. Yashi mai kauri a tsakar gida ya fi ta, irin wanda 'yan kokawa ke yi a kai. Sai dai ka tankaɗe shi tukuna, domin yashin magina ba ya rasa ƙusa ko fasasshiyar kwalba.

Kwanta a tsakiya ka ware hannuwa da ƙafafu. In ka taɓa bango, ƙafar gado, turmi ko bakin rijiya, wurin ya yi kaɗan. Cire agogo da zobe, fitar da waya da makulli daga aljihu. Jallabiya da dogon kaftani harɗe ƙafa suke, sa riga da wandon motsa jiki. Kada ka tashi daga gaban tuwo ka hau shimfiɗa, bar awa biyu ta wuce. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, yi bayan asuba ko bayan la'asar. Da hunturu kuma, da jiki ke sandarewa, ɗauki minti goma kana sassarfa a tsaye, kana juya kafaɗu da ƙugu, kana lanƙwasa wuya a hankali.

Mataki na farko: duka daga kwance

Kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗaga kai ka manna haɓa a ƙirji, idonka a kan cibiya. Gicciya hannuwa a ƙirji, sannan ka sake su su daki shimfiɗa lokaci guda, tafi yana kallon ƙasa. Hannun gaba ɗaya ne zai daka, daga tafi har zuwa dantse, ba tafin kaɗai ba. Kada ya manne da jiki, kada kuma ya ware daidai kafaɗa: tsakiyarsu ake so, kamar digiri 45 daga haƙarƙari. Hannun ya zama sake kamar bulala, ya daka ya dawo da kansa. Fitar da numfashi daidai lokacin dukan.

Amfanin dukan shi ne ya raba ƙarfin faɗuwa a wuri mai faɗi, maimakon ya taru a gaɓa guda. Kunnenka ne malaminka a nan. Ƙara ɗaya mai faɗi kake nema. In ka ji biyu, hannu ɗaya ya riga ɗaya. In gwiwar hannu ta yi zafi, ita ce ta fara sauka, miƙe hannun. Yi sau 10, huta, ƙara 10. Wuyanka zai gaji tun kafin hannu, kuma da zarar ya kasa riƙe kai, ka tsaya. Na fi son mutum ya yi mako guda cur a nan, ko da ƙannensa za su yi masa dariya yana ta marin ƙasa.

Mataki na biyu: faɗuwa ta baya

Zauna ka miƙe ƙafafu, haɓa a ƙirji, baya a lanƙwashe kamar gindin ƙwarya. Gangara baya a hankali, ƙafafu su tashi sama. Sai tsakiyar bayanka ya taɓa shimfiɗa za ka yi dukan. In ka riga, dafawa ka yi. In ka makara, dukan bai yi amfani ba.

Idan wannan ya zauna, koma tsugunne. Sauke mazaunai dab da dunduniya, sannan ka gangara. Kada ka jefa jiki baya ka sauka a ƙarshen ƙashin baya, wannan ciwon yana daɗewa. Daga tsaye ma haka abin yake: tsugunnawa kake fara yi, ka rage nisanka da ƙasa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kada ka hau mataki na gaba sai ka yi 20 a jere kanka bai taɓa ƙasa ba.

Mataki na uku: gefe

Wannan ce aka fi buƙata idan an kayar da mutum. Daga tsugunne, zura ƙafar dama ta gaban ta hagu, sauke ƙugun dama kusa da dunduniyar hagu, ka kwanta a gefen dama kana duka da hannun dama kaɗai. Na hagu yana kan ciki. Ƙafafu su sauka a ware, don kada gwiwa ta daki gwiwa. Yi adadi ɗaya a kowane gefe, musamman gefen da ba ka so.

Mataki na huɗu: gaba

Durƙusa a kan gwiwoyi. Ɗaga hannuwa gaban fuska, yatsu suna ɗan fuskantar juna. Faɗa gaba ka sauka a kan hannu daga gwiwarsa zuwa tafi, duka lokaci guda, ka juya fuska gefe don hanci da haƙora. Ciki da ƙirji kada su daki ƙasa. A gida ka tsaya a durƙuso, ya isa.

Saura mirginawa ta gaba, wadda kowa ke ɗokin yi saboda ita ce mai kyau a bidiyo. Ba adungure ba ce irin ta yara, da ake kafa kai a ƙasa a wuntsila. Jiki yana bin layi ne a karkace, daga ƙaramin yatsa, ta bayan hannu, ta bayan kafaɗa, ya fita ta ƙugun ɗaya ɓangaren, kai kuma a kauce. Kuskure kaɗan sai ka sauka a tsinin kafaɗa ko a wuya. Shawarata, ka bar ta sai gaban malami. Je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ka tambayi inda 'yan judo ke atisaye, a gwada maka da hannu.

Abin da ba a yi a gida

Kada ka sa aboki ko ƙani ya kayar da kai don gwaji, kada ka diro daga kan kujera. Kada ka yi kai kaɗai a gida a kulle, a samu wani kusa. Minti 15 sau uku a mako ya fi awa biyu a rana ɗaya, domin gajiya ce ke sakin wuya. Mai juna biyu ta bari sai bayan ta haihu ta warware. Mai ciwon baya ko wuya, mai farfaɗiya, da wanda bai daɗe da karaya ko tiyata ba, su fara jin ta bakin likita.

Idan kanka ya bugu, atisayen ranar ya ƙare, ko da kana jin garau. Amai, jiri, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, barci mai nauyi, gani dishi-dishi, ko hannu ya mutu bayan wuya ya bugu, duk na asibiti ne nan take, kuma wani ne zai kai ka. Gaɓar da ta kumbura ko ta karkace, a ɗauki hotonta kafin kowa ya ja ta da sunan ɗori. Asibitin ƙashi na Dala yana nan cikin gari.