Yadda za ka shigar da shafinka na intanet cikin kundin Curlie kyauta

Jama'a barkanmu da warhaka. Yanzu ko a ƙauyukanmu na nan Jigawa da Kano sai ka ga ƙungiyar manoma ko makarantar Islamiyya ko mai injin gyaran shinkafa an buɗe musu shafin intanet, an biya kuɗi an yi murna, daga nan kuma shiru kake ji, ba mai sanin shafin yana nan sai mai shi da yaron da ya haɗa masa. To akwai wurare da dama da ake kai adireshin shafi don a san da shi, ɗaya daga ciki shi ne Curlie, kuma shi zan yi bayani a kai yau don na lura mutanenmu ba su san shi ba sam.

Curlie wani kundi ne na shafukan intanet, an jera su sashe sashe, noma daban, ilimi daban, ƙasashe da garuruwa daban. Abin da ya bambanta shi da Google shi ne ba na'ura ce take tsinto shafukan ba, mutane ne 'yan sa kai da ake kira editoci suke buɗe kowane shafi da idonsu su duba kafin su saka. Asalinsa tun 1998 ne a Amurka, Rich Skrenta da Bob Truel suka fara shi da sunan GnuHoo, ya koma NewHoo, kamfanin Netscape ya saya a shekarar aka riƙa ce masa DMOZ, har Google ma ya daɗe yana ɗibar jerin nasu kafin ya rufe nasa kundin a 2011. A watan Maris na 2017 kamfanin AOL ya rufe DMOZ ɗin, sai editocin suka ce su kam ba za su bari wahalarsu ta tafi a banza ba, suka ci gaba da aikin da sunan Curlie.

Gaskiya ɗaya tun yanzu, kar wani ya ruɗe ka cewa da ka shiga kundin nan gobe 'yan kasuwar Dawanau za su fara damun wayarka. Zamanin da yake da wannan ƙarfin ya wuce. Amma dai kyauta ne, aikin yamma ɗaya ne, kuma shafin da mutum ya duba ya amince da shi ya fi wanda ba a san da shi ko'ina ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki, ka riƙe kuɗinka, dokarsu ma ta hana edita karɓar komai.

Kafin ka je ko'ina sai ka fara gyara shafin naka, don a nan yawanci ake faɗuwa. Ka tuna wanda zai duba maka ba albashi ake ba shi ba, bayan ya tashi daga aikinsa ne yake zama ya duba, in ya danna ya tarar da an rubuta muna nan tafe ko ana kan aiki, rufewa zai yi ya wuce, sun faɗa ƙarara ba sa karɓar shafin da bai kammala ba. Ka ari wayar wani, wacce ba a taɓa buɗe shafin a kanta ba, ka buɗe da data ba tare da ka shiga a matsayin mai shafi ba, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. In hotunan buhunan riɗin da aka ɗora kai tsaye daga kyamara suna saukowa daga sama a hankali kamar ba sa so, to a rage musu nauyi. A tabbatar akwai sunan gari da ƙaramar hukuma da jiha da lambar waya, sannan bayanin da ke ciki ya zama naku ne, ba wanda aka kwafo daga wani wuri aka canza suna kawai ba. Shafin da ba komai cikinsa sai tallan kayan wasu don cin kamisho shi ma ba sa ɗauka, haka wanda in an danna yake jefa mutum wani adireshin daban.

Sai maganar harshe, wacce ta shafe mu sosai. Tsarinsu shi ne kowane shafi yana shiga sashen harshen da aka rubuta shi da shi, sashen Turanci na shafukan Turanci ne, kuma sashen yankuna da za mu bi nan gaba na Turanci ne. Saboda haka in Hausa zalla kuka rubuta, shawarata a samu wani malamin sakandare ko ɗalibi a garin ya zauna ya yi muku ɓangaren Turanci mai ma'ana, ba layi biyu ba, Hausar kuma a bar ta yadda take don mutanen gida. Da ma masu sayen riɗi da zoɓo daga Legas ko waje Turancin za su nema.

In shafi ya kintsa sai ka shiga curlie.org, ka fara rubuta sunan shafinka a akwatin bincike ka ga ko wani ya riga ya saka. In babu, sai neman sashen da ya dace, kuma wallahi nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san shanu da wurinsu, raƙuma da wurinsu, tumaki da awaki da nasu, in ka ja akuyarka ka kai cikin raƙuma ba korar ka za a yi ba amma wuni za ka yi ba wanda ya taya. Haka kundin nan yake. Mutane suna son su jefa shafinsu a babban sashe na sama wai don a fi gani, alhali edita zai duba ne ya ga ba nan ne wurinsa ba, ya tura shi wani sashen, can kuma ya sake shiga sabon layi yana jiran wani editan, ka ga ka jawo wa kanka jira biyu. Shafin da harkarsa ta wani yanki ce, kamar shago ko makaranta ko ƙungiyar gari, ta sashen yankuna ake bi, wanda suka rubuta Regional, ka shiga Afirka, ka shiga Najeriya, ka yi ta gangarawa har ka kai mafi ƙanƙantar sashen da ya dace da kai. Ka duba shafukan da ke jere a wurin, in sun yi kama da naka to ka iso. Wani sashen za ka ga babu maɓallin miƙa shafi, wannan yana nufin ka ƙara gangarawa ƙasa. Kuma sashe ɗaya tak za ka zaɓa.

Kafin ka danna maɓallin miƙa shafin, mai kalmar suggest, ka rubuta komai a wurin ajiye rubutu na wayarka, don mu da muke fama da sabis mun san yadda fom yake gogewa kana tsaka da cikawa, ka koma farko kana tsaki. Abu huɗu za ka tanada, adireshin shafi, suna, taƙaitaccen bayani, da imel ɗinka. Adireshin na babban shafin farko za ka bayar, ka kwafo shi daga burauza kar ka rubuta da ka. Suna kuma ainihin sunan ƙungiya ko shagon, yadda yake a allon ƙofa, ban da rubuta shi duka da manyan baƙaƙe, ban da jera sunayen kaya a wurin suna.

Bayanin ne mutanenmu suke ɓatawa don mun saba da kirari. Ba sa son ya wuce kalma 25 zuwa 30, ba yabon kai, ba mu ne na ɗaya a Arewa, ba sai ka gwada za ka gane, ba alamar motsin rai uku a jere. Ka faɗi abin da kuke yi da abin da mutum zai tarar in ya shiga, ka rubuta kamar wani ne yake ba da labarinku. Misali a ce, ƙungiyar manoma da ke noma da sayar da riɗi da zoɓo a ƙaramar hukumar Maigatari ta jihar Jigawa, akwai farashin mako, hotunan kaya da hanyar tuntuɓa. Shi ke nan fa. Sai a juya shi zuwa Turanci tunda sashen na Turanci ne. Ni a ganina bushewar nan ita ce kyansa, edita yana da ikon canza duk abin da ka rubuta, amma in ya tarar ba abin gyara ai saka shi ya fi masa sauƙi a kan na wanda sai ya zauna ya sake rubutawa daga farko.

Ka liƙa su a fom, ka karanta sharuɗɗa, ka tura. In saƙon karɓa ya fito ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka rubuta ranar da sunan sashen a littafin ƙungiya don kar wata uku sakatare ya manta ya sake turawa.

Daga nan sai haƙuri, wani makonni, wani watanni, wani ya haura shekara, ya danganta da ko akwai editan da ke leƙa sashen. Ba dole ne su sanar da kai an saka ko an ƙi ba, kai ne za ka riƙa bincika sunan shafin jefi jefi. Kar ka ce shiru ya yi yawa bari in ƙara turawa, sabon yana maye gurbin tsohon ne kawai, in kuma ka bi sashe sashe kana watsawa za su iya ɗaukar ka mai damun mutane su cire ka gaba ɗaya har da sauran shafukanka. Abin da ya fi kamata ka sa wa ido a lokacin jiran shi ne kuɗin sabunta adireshi, ko naka mai ƙarewa da .com.ng ne da NiRA, ƙungiyar da ke rajistar adireshin intanet na Najeriya, ke kula da shi ko .com ne, duk shekara ake biya, kuma ranar tana iya faɗowa tsakiyar damina lokacin da kuɗi ya tafi taki. In edita ya zo ya tarar da shafi a mace ya wuce ke nan, ko bayan an saka ka ma suna da na'urar da ke zagayawa tana gano matattun adireshi. A ware kuɗin tun da kaka. In kun canza adireshi ko suna bayan an saka ku, akwai maɓallin neman gyara a sashen, shi za a bi ba sabon fom ba.

Ga matasanmu masu jin Turanci da ɗan lokaci, ku ma za ku iya neman zama edita, kuma ni da za a samu haka ya fi min komai, don wanda ya san bambancin Gumel da Gwaram shi ya fi dacewa ya tsara shafukan yankin. Ƙaramin sashe ake nema da farko, za su ce ka kawo misalin shafuka biyu ko uku da suka dace da wurin tare da bayaninsu, su kuma tambaye ka duk shafin da kake da hannu a ciki. Ka faɗa musu gaskiya har da na ƙungiyarku da na shagon yayanka, in an ɗauke ka kuma na abokin hamayyarku a kasuwa ya shigo layi, yadda ka rubuta wa naku haka za ka rubuta masa.