Ga masu zuwa Cape Town karatun taurari

Ƙannena, barkanku da niyya. Kun zaɓi inda ya dace, don a binciken taurari babu ƙasar da ta kama ƙafar Afirka ta Kudu a nahiyar nan. A kusa da garin Sutherland akwai SALT, babbar na'urar hangen nesa mai madubai 91, wadda aka buɗe a 2005. A dajin Karoo kuma ga MeerKAT, na'urar hangen nesa ta rediyo mai faifai 64, tana sauraron sararin samaniya tun 2018, kuma cikin aikin SKA, babbar na'urar rediyo ta haɗin gwiwar ƙasashe, za a haɗe ta. Yaranmu da suka biyo ta shirin NASSP, na horar da ɗalibai a ilimin taurari da sararin samaniya, ba su ba mu kunya ba.

Amma a daina mafarkin kwana ana kallon sama. SALT ma'aikatanta ne ke duba maka abin da ka nema, su turo bayanai, kai kuma ka wuni gaban kwamfuta. Wanda bai iya yaren kwamfuta na Python ba ya fara koyo yau.

Masallaci da naman halal ba abin damuwa ba ne a garin nan. Sanyi a Yuni da Yuli yake, a nemi rigar kirki.

Takardu su ne ke kayar da mutane. Digirinka na gida sai SAQA, hukumar tantance takardun karatu ta ƙasar, ta tantance shi, kuma abin na cin lokaci, ka tura tun kafin ka sayi tikiti. Bizar karatu tana son takardar shaidar 'yan sanda da inshorar lafiya ta kamfanin da ke da rajista a nan. Wadda ka yanko a gida ba ta karɓuwa. Kada ka shigo da bizar ziyara kana cewa za ka sauya ta a nan, gida za ka koma ka nemo. Sabuntawa kuwa, ka shigar da takardu tun saura kwana 60 bizar ta ƙare. Akwai wani yaro haziƙi da na yi ta yi wa tuni, kullum amsarsa ɗaya: "Yaya, ai da saura." Bizar ta mutu, ya tafi gida bikin ƙanwarsa, a filin jirgi aka buga masa hatimin hana shigowa. Shekara guda yana rubuta kundinsa daga ɗakin mahaifiyarsa, wuta na zuwa tana ɗaukewa.

Sannan a yi lissafin aljihu. Mafi yawan tallafin NRF, hukumar tallafa wa bincike ta ƙasar, na 'yan ƙasa ne, bizar karatu kuma awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako. Ka sa malamin da zai duba aikinka ya rubuta maka nawa ne kuɗin, da shekarun da zai ɗauka, kafin ka sa hannu a takardar haya.