Darasi na Tara: Aku da Sheƙa

Ranar nan da muka tashi daga aji, wata dattijuwa 'yar Yakasai ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, akun nan da marigayi maigidana ya bari, kullum sai ya kekketa kwalin da nake shimfiɗa masa a keji. Ko sheƙa yake so? In sa yara su samo masa ciyawa da auduga?"

Na ce, "A'a Hajiya, ban da auduga."

Mu Kanawa mun saba da tattabara, wadda ke tsintar tsinke tana kaiwa ɗakinta, shi ya sa muke zaton kowane tsuntsu haka yake. Aku daban ne. Wannan mai launin toka da jan wutsiya, asalinsa kurmin kudancin Najeriya ne da Kamaru da Kwango. A can ba ya saƙa komai. Kogon bishiya yake nema can sama, macen ta saka ƙwai 3 zuwa 5, ta kwanta a kansu kamar kwana 30. Tsirya ma, koriyar nan mai doguwar wutsiya, kogo take shiga. Akwai dai wani ɗan'uwansu a Kudancin Amurka da ke gina sheƙa da ƙirare, amma shi ba namu ba ne.

To idan ba kiwon 'ya'ya za ka yi ba, kada ka sa masa akwati ko tukunya ko wani lungu mai duhu. Da ya samu, sai ya ɗauka lokacin haihuwa ya yi. Ya fara tsare wurin, ya ciji hannun da ke ba shi gyaɗa. Macen kuwa tana iya yin ƙwai ko babu namiji. In ta yawaita yi, ƙashinta ya yi rauni, wani lokaci ƙwan ya maƙale mata, sai an garzaya wurin likitan dabbobi.

Kekketa kwalin nan fa? Aikin baki ne. Bakin aku tsiro yake yi har ya mutu, kuma a daji yini yake yana ɓare ɓawo da fasa ƙwallo. Wanda aka bari zaune haka nan, shi ne za ka ga ya koma figar gashin ƙirjinsa, har fata ta fito fili. Tsuntsun da kan kai shekara 40 a gida, zaman banza ya yi masa yawa.

Abin ba shi ba ya cin kuɗi: ɗanyen reshen gwaiba ko na zogale da aka wanke, totuwar masara busasshiya wadda ba ta yi fumfuna ba, karan dawa, guntun kaba. Ƙunshe ƙwayar gyaɗa a farar takarda ka bar shi ya sha wahalar buɗewa. Ya yi kaca-kaca da su, ka share, gobe ka sake.

Zare da auduga da tsumma kan naɗe yatsunsa, in ya haɗiya kuma su toshe masa maƙoshi. Katako mai fenti da waya mai tsatsa ma ka nisanta su da kejin.

Aikin gida: rubuta abubuwa uku da ke tsakar gidanku waɗanda aku zai iya tauna, da guda biyu da za ka hana shi. Mu karanta su tare a aji na gaba.